Ciwo a Bayan Ƙofar da Aka Kulle: Waiwaye Kan Haƙƙin Ɗaurarre na Samun Magani

A farkon ƙarni na 10 na Miladiyya, zamanin Halifa Muƙtadir, an yi wata shekara da cututtuka suka addabi Bagadaza. Waziri Aliyu ɗan Isa ya rubuta wa Sinanu ɗan Sabit, babban likitan da ke kula da asibitocin birnin, cewa tunanin mutanen kurkuku ya dame shi. Yawansu da ƙuncin wurin da suke ba za su bar su su zauna lafiya ba, ga shi kuma an hana su fita su nemi likita da ƙafarsu. Sai ya umarta a ware likitocin da za su riƙa zaga gidajen yari kullum, ɗauke da magunguna. Sinanu ya aikata hakan. Tun kafin su ma, Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya shawarci Haruna Rashid a cikin Kitabul Haraji da a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, a ba su tufafin rani da na hunturu, wanda ya mutu ba shi da kowa kuma hukuma ta yi masa sutura.

Hujjar wazirin nan ita ce har gobe ake kafawa a kotunan duniya: wanda ka hana shi neman magani da kansa, maganinsa ya hau kanka. Sai dai a wancan zamani abin ya rataya ne ga tausayin mai mulki da tsoron Allah da ke zuciyarsa. Shi kansa Aliyu ɗan Isa an tuɓe shi an tsare shi fiye da sau ɗaya, kuma idan wanda ya gaje shi bai damu ba, ɗaurarre ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. An ɗauki ƙarnoni masu yawa kafin abin ya tashi daga alfarma ya koma haƙƙin da fursuna zai iya maka mai tsaronsa a kotu a kansa.

A Ingila tsoro ne ya fara motsa hukuma. Gidajen yarinsu cike suke da wani mugun zazzaɓi da kwarkwata ke yaɗawa. A 1750 aka kawo fursunoni daga kurkukun Newgate zuwa babbar kotun Landan, cutar ta biyo su har ɗakin shari'a, ta kashe magajin garin da alƙalai biyu da wasu mutane da dama. John Howard, wanda aka naɗa babban jami'in shari'a na gundumar Bedfordshire a 1773, ya shiga kurkukun yankinsa ya ga abin da ya tayar masa da hankali, ya ɗauki sauran rayuwarsa yana yawon duba gidajen yari. Da matsin lambarsa majalisa ta yi doka a 1774, cewa a riƙa shafe bango da farar ƙasa duk shekara, a keɓe ɗakin marasa lafiya, a kuma sa likita. Da yawa daga cikin gidajen yarin ba su bi ba. Howard ya mutu a 1790 a garin Kherson, da irin zazzaɓin da ya yi ta yaƙa.

A Amurka kuwa, a 1871 wata kotu a jihar Birjiniya ta faɗi ƙarara cewa wanda aka yanke wa hukunci bawan gwamnati ne muddin yana ɗaure, ba shi da wani haƙƙi sai wanda doka ta ga dama ta ba shi. Kusan shekara ɗari alƙalai suna kame hannunsu daga abin da ke faruwa bayan katangar gidan yari, suna cewa harkar gandurobobi ce. Sai a shekarun 1960, da gwagwarmayar baƙar fata ta yi ƙarfi, fursunoni suka fara samun shiga kotunan tarayya, da taimakon wata tsohuwar doka, ita ma ta 1871, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ƙarar jami'in jiha idan ya take masa haƙƙi.

Ran 9 ga Nuwamba 1973, wani fursuna a jihar Texas mai suna J. W. Gamble yana sauke kaya daga mota, sai dilar auduga mai nauyin kusan kilo 270 ta faɗo masa. Ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci, daga baya bayansa ya riƙe. A cikin wata uku ma'aikatan lafiya sun duba shi sau 17. Magungunan rage zafi suka yi ta ba shi, ba a ɗauki hoton bayan ba. Likita ya ce a mayar da shi gadon ƙasa, ba a yi ba. Aka ce ya koma aiki, ya ce ba zai iya ba, aka gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, daga bisani aka jefa shi ɗakin kaɗaici. Jininsa ya hau, ƙirjinsa ya soma ciwo, ya roƙi ganin likita, masu gadi suka hana shi kwana biyu a jere. A Fabrairun 1974 ya rubuta ƙararsa da hannunsa, ba lauya.

Ƙarar nan ta isa Kotun Ƙoli. Ran 30 ga Nuwamba 1976 alƙalai takwas cikin tara suka amince da hukuncin da Thurgood Marshall ya rubuta, baƙar fata na farko da ya zauna a kujerar. Marshall ya ce fursuna ba shi da mai duba lafiyarsa sai waɗanda ke tsare da shi, idan suka ƙi to ba mai yi. Don haka kau da kai da gangan daga ciwo mai tsanani azabtarwa ce, kuma tsarin mulki ya haramta ta, ko likita ne ya yi, ko ganduroban da ya hana a kai shi wurin likita, ko wanda ya hana a ba shi maganin da aka rubuta. Daga wannan rana neman magani ya zama haƙƙin kowane ɗaurarre a ƙasar.

Shi Gamble bai samu ko sisi ba. Kotu ta ce wanda aka duba sau 17 ba a kau da kai daga gare shi ba, rashin ɗaukar hoto kuwa in ma kuskure ne, kuskuren aiki ne, ba azabtarwa ba. Wannan iyaka ita ta ci gaba da cin fursunoni. A 1994 kotun ta ƙara ƙuntata ta, ta ce sai mai ƙara ya nuna jami'in ya san da haɗarin a ransa sannan ya yi biris. Yaya wanda ke kulle, ba takarda, ba shaida sai 'yan'uwansa fursunoni, zai tabbatar da abin da ke cikin zuciyar mai tsaronsa? A 1996 majalisa ta ɗora nata, ta yi dokar da ta ce babu zuwa kotu sai fursuna ya gama bin duk matakan koke na cikin gidan yarin, wato sai ya fara kai kuka wurin waɗanda yake ƙara. A ganina an ba da haƙƙi da hannun dama, aka rage shi da na hagu.

Duk da haka hukuncin ya yi aiki inda ɓarnar ta fi ƙarfin ɓoyewa. Gidajen yarin Kalifoniya an gina su ne don mutum kusan 80,000, aka cusa musu kusan ninki biyu. Kotu ta gano cewa duk kwana shida ko bakwai sai fursuna ɗaya ya mutu mutuwar da magani zai iya hanawa. Masu taɓin hankali ana ajiye su cikin keji mai faɗin tsayuwar mutum ɗaya, ba makewayi, saboda babu gado. A 2011 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta tilasta wa jihar rage dubban mutane. Abin da aka gane a nan shi ne cunkoso kansa hana magani ne, domin ba likitan da zai iya da layin da ba ya ƙarewa.

A Afirka, labarin da ya fi kowane tona asirin likitan gidan yari shi ne na Steve Biko, ɗan gwagwarmaya a Afirka ta Kudu. An kama shi ran 18 ga Agusta 1977. A farkon Satumba, a hannun 'yan sandan ciki a Port Elizabeth, ya samu mummunan rauni a ka. Aka bar shi tsirara a kan tabarma, da mari a ƙafa, magana ba ta fita sosai. Likitan gwamnati, Ivor Lang, ya duba shi ya sa hannu a takarda cewa bai ga wata matsala ba. Na gaba da shi, Benjamin Tucker, ya ga alamun rauni a ƙwaƙwalwa, ya ce a kai shi asibiti, 'yan sanda suka ƙi, ya sakar musu. Ran 11 ga Satumba aka kwantar da shi tsirara a bayan Land Rover, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria, ba ma'aikacin lafiya, ba takardar asibiti. Washegari ya cika, yana da shekara 30. Majistaren da ya binciki mutuwar ya ce ba wanda za a ɗora wa laifi, hukumar likitocin ƙasar ma ta ƙi hukunta kowa.

Wasu likitoci ne, cikinsu har da Frances Ames da Phillip Tobias, suka ce ba za su haɗiye wannan abin kunya ba. Suka kai hukumar tasu kotu, kuma a 1985 kotu ta tilasta mata sake zama. Aka soke sunan Tucker daga rajistar likitoci, aka ja kunnen Lang. Shekara takwas ke nan bayan mutuwar. Biko ya ga likita har fiye da ɗaya, abin da ya rasa shi ne likitan da zai iya ce wa ɗan sanda a'a. Da Afirka ta Kudu ta zo rubuta sabon tsarin mulki a 1996, ba ta bar wa alƙalai su yi fassara ba. Sashe na 35 ya ambata da suna cewa duk wanda ke tsare yana da haƙƙin wurin kwana da abinci da abin karantawa da magani, da kuɗin gwamnati. A 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ɗora wa hukumar gidajen yari alhakin tarin fukan da wani ya ɗauka yana jiran shari'a a Pollsmoor, gidan yarin da Nelson Mandela ma ya kamu da cutar a 1988.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara ƙa'idojin kula da fursunoni tun 1955. A Disambar 2015 ta sabunta su, suka zama 122, aka sa musu sunan Mandela. Sun ce a duba lafiyar mutum da zarar an shigo da shi, a ba shi irin kulawar da na waje ke samu kuma kyauta, sannan abin da likita ya yanke game da mara lafiya babu jami'in da ba likita ba da zai soke shi. Ƙa'idoji ne dai, ba dokar da ake ɗaure wanda ya karya ba, amma lauyoyi da alƙalai na auna gwamnatoci da su.

Mu a Nijeriya mun san wannan magana da jininmu. Tsarin mulkinmu ya ambaci samar da magani a babi na biyu, babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Ƙofar da ta rage ita ce Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, Nijeriya kuma ta mai da ita dokar cikin gida a 1983. Sashe na 16 na yarjejeniyar ya ba kowa haƙƙin lafiya. Zamanin mulkin Janar Abacha, da dokokin soja suka ɗaure hannun kotunan gida, can hukumar kula da yarjejeniyar, wadda ke Banjul, lauyoyi suka riƙa kai kuka. Ken Saro-Wiwa na fama da hawan jini a tsare, an sa masa ankwa da mari, likitan gidan yari ya nemi a kai shi asibiti aka ƙi. An rataye shi da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba 1995. Sai a Oktoban 1998 hukumar ta yanke cewa Nijeriya ta karya sashe na 16, ta kuma ce nauyin da ke kan gwamnati ya fi tsanani idan mutum na hannunta, tun da rayuwarsa gaba ɗaya ta dogara da abin da jami'ai suka yi. Haka ta faɗa a kan Nosa Igiebor na mujallar Tell, wanda aka hana ganin likita jikinsa na ta lalacewa.

Kafin wannan hukunci ya fito, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, ya rasu yana ɗaure a gidan yarin Abakaliki ran 8 ga Disamba 1997, Cif M. K. O. Abiola kuma ya rasu a tsare a Abuja ran 7 ga Yuli 1998. Waɗannan mutane ne da duniya ta san sunansu, suna da lauyoyi da dukiya da 'yan jarida masu bibiya. Idan haka ta faru da su, to ina ga wanda aka kama kan rigimar gona?

A 2000 hukumar ta Banjul ta yi irin wannan hukunci a kan Muritaniya, inda aka kai fursunonin siyasa baƙar fata wani tsohon sansanin soja a Walata, cikin hamada, mutum huɗu suka mutu a 1988 saboda yunwa da rashin magani, cikinsu har da marubuci Tene Yusuf Gueye.

Babban ci gaban da aka samu a kotunan gida bai zo ta hannun manya ba. Wasu mutum huɗu masu jiran shari'a a gidan yarin Fatakwal, dukansu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, suka kai gwamnatin tarayya ƙara. Sun shafe shekaru ba a yanke musu hukunci ba, ba magani, ana kuma ƙyamarsu. A 2004 Babbar Kotun Tarayya ta ce ci gaba da tsare su haka azabtarwa ce da sashe na 34 na tsarin mulki ya hana, ta haɗa da sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka, ta ba da umarnin a kai su asibitin gwamnati. Ta kuma ƙi karɓar uzurin tsadar magani. Da wannan aka ga cewa ko da babi na biyu a rufe yake, ana iya shiga ta ƙofar mutuncin ɗan Adam.

Daga nan dokoki suka yi ta zuwa. Ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don ya ga waɗanda ke tsare. Ta hana azabtarwa ta 2017 ta ba wanda aka yi wa tambayoyi damar likitan da ya zaɓa ya duba shi. A 2019 aka soke dokar gidajen yari ta 1972, aka kawo ta gidajen gyaran hali, wadda ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni ko a sume, da ikon ƙin karɓar ƙarin mutane idan wuri ya cika. A takarda ba mu da abin jin kunya.

Amma je ka ƙofar gidan yari ranar ziyara, a Kurmawa ko Goron Dutse ko wani gari. Za ka ga dattijuwa da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ana sa ta ta ɗanɗana kafin a shiga da shi. Sau da yawa za ta fito riƙe da 'yar guntuwar takarda da aka rubuta sunayen magunguna, ta nufi kemis, domin asibitin ciki ba shi da su. Wanda ke da mai zuwa ya samu, wanda danginsa ke ƙauye mai nisa ko ba su ma san inda yake ba, sai gabza da haƙuri. Ƙazuwa da tarin fuka ba sa tambayar wa aka yanke wa hukunci, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki ba a same su da laifin komai ba tukuna. Bayan kanta ya fi wannan haɗari. Mai ciwon suga ko farfaɗiya ko asma da aka kama da yammacin Juma'a, aka ƙwace abin da ke aljihunsa har da ƙwayoyinsa, yana iya rasa ransa kafin a buɗe kotu ranar Litinin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda haƙƙin nan ya koma hanyar beli. Kotuna sun ce rashin lafiya kaɗai bai isa a saki mutum ba, sai an nuna cutar ta fi ƙarfin asibitin gidan yari. Nuna hakan kuwa sai da lauya da rahoton ƙwararren likita, abin da mai kuɗi ko mai jama'a ke iya kawowa. Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa, da aka tsare a Disambar 2015, sai a Agustan 2019 babbar kotun Kaduna ta ba su izinin zuwa Indiya neman magani, bayan doguwar fafatawar lauyoyi. Talaka ba ya neman Indiya. Neman da yake yi a kai shi babban asibitin garin, kuma amsar da ya saba ji ita ce babu mota, babu mai, babu jami'in da zai raka.

Idan kuma ta Allah ta kasance, mukan rufe maganar da hannunmu. A kira dangi, a ce ɗanku ya yi zazzaɓi ya cika. Su karɓi gawa, su yi gaggawar sallah da binnewa kamar yadda addini ya koyar, su ce kwana ne ya ƙare. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta taɓa hana bin haƙƙin jini ba, shari'ar Musulunci ita ta tanadi diyya ko a kisan kuskure. Dokar 2019 ta ce duk mutuwar da aka yi a gidan gyaran hali sai an sanar da dangi, an kuma binciki sanadinta, idan aka samu sakacin jami'i ne a dakatar da shi a miƙa shi ga 'yan sanda, hukumar kuma ta biya magada. Ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi na 2009 sun ba ɗan'uwa ko ƙungiya damar shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, a babbar kotun jiha ko ta tarayya, tun yana raye. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ko na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Duk wannan sai da shaida yake tafiya, shaidar kuwa a sa'o'in farko ake samunta ko a rasa ta: ranar da ya fara kukan ciwo, wa ya gaya wa, katin asibitin ciki, sunan jami'in da ke bakin aiki, da idon wanda ya yi wa gawar wanka ya ga abin da ke jikinta.